A bi sawun kuɗin masu fataucin ƙwaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina so in ce wani abu kan yaƙin da ake yi da gungun masu fataucin ƙwaya a ƙasar nan. A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin ƙwaya ta kama tan 17 na tabar wiwi a wani ɗakin ajiya a Yamai. Jami'an sun cancanci yabo. Amma kaya mai yawa haka sai da manyan motoci, da masu buɗe hanya, da wanda ya zuba jari. Nan Tawa waɗanda muke gani an ɗaura wa ankwa mafi yawa yara ne, ɗan kabu-kabu da ƙullin tramol a aljihu, ko mai tebur a bakin tasha. A kai shi kaso yau, gobe wani ya gaje shi, domin mai kayan yana gida hankalinsa kwance.

Waɗanda suka riga mu shan wannan wahala sun gano bakin zaren. A Amurka, Al Capone, shugaban wani gungun ƴan ta'adda masu fasa-ƙwauri, ya gagari ƴan sandan Chicago shekara da shekaru, shaidu na tsoron buɗe baki. Takardun haraji ne suka kayar da shi a 1931, aka yanke masa shekara 11. A Italiya kuma, alƙali Giovanni Falcone ya dinga bin takardun cak da asusun banki na ƴan Mafiya, gungun masu manyan laifuka na ƙasar, har aka gurfanar da mutum 475 a babbar shari'ar Palermo ta 1986. Mafiya ta kashe shi da bam a 1992, Allah ya sani aikin ba na wasa ba ne. Tun 1982 ƙasar ta yi dokar ƙwace dukiyar ƴan Mafiya, kuma wannan ya fi kaso yi musu ciwo.

Mu ma muna da hukumar CENTIF, wadda aikinta ke nan, binciken kuɗin haram. Idan mutum ba shi da gona, ba shi da kantin da aka sani, ya wayi gari da gidan sama da jerin motoci, ya kamata a tambaye shi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ba irinsu tabarmar gaba a wurin suna da ɗaurin aure, alhali ƴaƴanmu na layi a fada saboda kayansu.

Roƙona gare ku, idan an nuna kaya a talabijin kada labarin ya tsaya nan. Ku tura wakilinku kotu, ku faɗa mana wa aka hukunta, shekara nawa, kuma me aka ƙwace daga hannunsa.

Naku mai karatu,
daga Tawa