Ɗana, kada ka bar shirin inji babu bayani

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, aiki kuma ya karɓe ka.

Ƙanenka ya ce ya ji kana faɗin wai rubuta bayani a cikin shirin injin CNC, wato jerin umarnin da kwamfuta take bi ta sarrafa injin yankan ƙarfe, ɓata lokaci ne, tunda inji ba ya karantawa. Haka ne, ba ya karantawa. Injinan da ke aiki da tsarin kamfanonin Fanuc da Haas tsallake abin da ke cikin baka biyu suke yi, na Siemens kuma abin da ya biyo bayan waƙafi mai ruwa. Ai dama ba don inji ake rubutawa ba. Don wanda zai karɓi aikin dare ne, kai kana barci.

Zai ga T03 M06, ya san za a sauya wuƙa. Wace wuƙa? Lambar ba ta faɗa ba. Zai ga G54, bai san inda ka sa sifili ba, wato wurin da inji yake fara awo daga gare shi, saman ƙarfen ne ko gindinsa. A M00 inji zai tsaya, shi kuma ya rasa ko juya ƙarfen zai yi ko aunawa.

Asarar ƙarfe ba ta dame ni ba, ana sayen wani. Hannun mutum nake ji wa tsoro, da idonsa. A G00 inji da dukkan gudunsa yake tafiya. In sifili ya kauce, wuƙa ta daki abin da ya riƙe ƙarfen, ta karye, gutsurenta ba ya zaɓen wanda zai samu. Kana ganin yadda kawunka yake riƙe alƙalami har yau. Ba na so wata uwa ta yi kuka saboda layi ɗaya da ɗana ya yi ƙyuyar rubutawa. Ƙyuya ce, da girman kai. Ko kai, bayan wata shida, za ka tuna dalilin da ya sa ka rage gudu a wancan layin? Kuma in ka sauya wuƙa, gyara bayanin nan take. Tsohon bayani ya fi babu haɗari, domin mutum zai yarda da shi.

Na san tun kana ƙarami kake ganin na cika takurawa. Da ban san kana da basira ba, da ban wahalar da kaina ba. A saman kowane shiri ka sa sunan aikin, irin ƙarfen, kwanan wata, jerin wuƙaƙe, da ko milimita ne, G21, ko inci, G20. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, ruɗa su ba ƙaramin abu ba ne.

Turo mini hoton shirinka na gaba in gani. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka