Kafin ka tsayar da ranar aure

Ɗana,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Saƙonka na cewa ka sami yarinyar da za ka aura ya iso mana, mun yi murna. Amma kada ka buga katin gayyata sai ka zauna da Fadan cocinku, wata shida kafin ranar idan da hali.

A dokokin Ikklisiyar Katolika na 1983, doka ta 1108 ta ce auren ɗan Katolika ba ya ƙulluwa sai a gaban Bishof, ko Fadan da ke riƙe da cocin, ko wanda ɗayansu ya wakilta, tare da shaidu biyu. Nan mutane suke yawan tuntuɓe. Sai ango ya gayyato wani Fada abokinsa daga wata dayosis, wato yankin wani Bishof, a sha biki, alhali ba wanda ya nema masa izinin Fadan wurin. Ko an cika coci maƙil, wannan aure bai ɗauru ba. In kana son wani Fada na daban, a karɓi izinin a rubuce.

Yarinyar 'yar cocin ECWA ce, ba Katolika ba, an yi mata baftisma, don haka izinin Bishof za a nema. Fada ne zai rubuta masa. Kai za ka yi alkawarin riƙe bangaskiyarka da yin iyakar ƙoƙarinka a yi wa 'ya'yanku baftisma, a rene su a Katolika. Ita ba a neman ta canza coci, sanar da ita alkawarin kawai ake yi. Gaya mata da bakinka tun yanzu, kada ta fara ji a ofishin Fada. Da ba a yi mata baftisma ba, sai Bishof ya ɗage hanin da doka ta sa a kan irin wannan aure, in ba haka ba auren babu shi. Haka ma auren zumunci da 'yar baffa ko 'yar kawu, ka faɗa wa ƙaninka.

Ka karɓo sabuwar takardar baftismarka daga cocin da aka yi maka, wadda ba ta wuce wata shida ba, domin a jikinta ake rubuta ko ka taɓa aure. Za ku yi darasin aure, a yi shela a coci, yawanci Lahadi uku. Ba a ɗaurin aure ranar Juma'a Mai Kyau, wato Juma'ar kafin Ista, ko Asabar da ke biye da ita.

Sadaki da kayan gaisuwa namu ne da iyayenta, za mu ji da su. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Naka,
Baba