Kafin a ce talabijin ta lalace, a duba abin da ke kamo mata tashoshi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana sosa min rai. Gyaran talabijin ne sana'ata, tun zamanin masu ƙaton baya har zuwa waɗannan shafaffun da ake maƙalawa a bango, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kawo min yanzu babu abin da ya same su.

Kwanan baya wani dattijo ya zo da sabuwa fil, inci 50, ɗansa ya aiko masa daga Amurka, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. Ya ce ya haɗa eriya, ya sa ta nemi tashoshi har sau uku, tana gamawa sai ta ce babu ko ɗaya. Har wani ya ce masa ai kayan cikinta ne suka ƙone. Ban kwance ko ƙusa ɗaya ba. Littafinta na buɗe, na ga an rubuta ATSC, wato tsarin watsa talabijin na Amurka. Na ce masa, "Baba, lafiyarta lau. Yaren da take ji ne ba shi ake yi a nan ba."

Abu biyu ne a cikin talabijin da mutane ke ɗauka ɗaya ne. Akwai fuskar da ke nuna hoto, akwai kuma 'yar na'urar da ke kamo tasha daga iska, wadda mu masu gyara muke kira tiyuna. Kalmar HD da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, maganar fuska take yi kawai. Tambarin HD Ready da aka fito da shi a Turai a 2005 ma'anarsa fuskar tana da layi 720 aƙalla, kuma za ta karɓi hoto mai kyau idan wata na'ura ta miƙo mata. Bai yi alkawarin za ta kamo shi da kanta ba. Full HD kuwa ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye. Duk kyan fuska, in tiyunar ba ta dace da abin da gidan talabijin ke watsawa ba, duhu za ka kalla.

Duniya ba ta taru a kan tsari ɗaya na watsa talabijin ba. Amurka da Kanada da Meziko suna kan ATSC. Japan ta yi nata, ISDB-T, Brazil da yawancin maƙwabtanta suka bi ta. Sin tana da DTMB. Turai da akasarin Afirka kuwa suna gidan DVB, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin akwai DVB-T na farko, akwai DVB-T2 da ya biyo baya. Mai T2 yana kama na farkon, amma na farkon ba ya kama T2. Lamba ɗaya tal, ita ce ke raba mai kallo da mai zaman jira. DVB-S2 na tauraron ɗan'adam ne, DVB-C na kebul, kada a ga haruffan sun yi kama a ce duk ɗaya ne.

Wani abin da ya fi ba mutane haushi shi ne tasha ta fito da sunanta, murya tana tashi, hoto babu. Wannan kuma matsalar yadda aka dunƙule hoton ce kafin a aiko shi. Tsohuwar hanya MPEG-2 ce, sai H.264, sai HEVC. Lokacin da Jamus ta koma sabon tsarinta a watan Maris na 2017, HEVC ta zaɓa, sai ga mutane da talabijin masu T2 a rubuce amma ba su iya warware hoton. In haka ta faru a can, ba laifin mai saye ba ne don bai gane ba. Laifin na ɗora shi a kan mai sayarwar da ya sani ya yi shiru.

Kuma don Allah a daina yarda da zancen wai akwai eriyar dijital ta musamman. Eriya ƙarfe ce, ba ta san bambanci ba. Abin da ya canza shi ne hali: a da, kafin zuwan dijital, in sigina ya yi rauni hoto yayyafi yake yi amma ana kallo, yanzu kuwa ko ya fito tar, ko ya kakkarye ya tsaya cak. Sau da yawa ɗaga eriyar sama, ko sauya wayar da rana ta cinye, ya isa.

Shi dattijon nan dikoda ƙarama mai DVB-T2 na haɗa masa. Ya miƙo min tsohuwar wayarsa mai kai uku, ja da fari da rawaya, na ce a'a, Baba, wannan rawayar ba ta wuce layi 576, za ta zubar da rabin kyan da ɗanka ya biya. Muka sa HDMI. Da tashar farko ta fito, sai ya matso har yana taɓa gilashin da yatsa, yana cewa ashe har zaren rigar mai karanta labarai ana gani.

Roƙona ga masu karatu, kafin a biya a karɓi littafin talabijin a nemi layin da ya faɗi irin tiyunarta, a kuma tambayi tsarin da tashoshin ƙasar da za a yi kallon suke amfani da shi. Masu aiko wa iyaye tsaraba daga waje su ma su yi wannan tambayar tun kafin a ɗaure kwali.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran talabijin