Wasiƙa Kan Bulon Magnesiya Na Tanderun Ƙarfe

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Ka tambaye ni abin da ya sa bulon tanderunku yake cinyewa da wuri alhali takardarsa ta ce magnesiya kashi 97 cikin 100 ne. To, wannan adadin kaɗai ba ya gaya maka ingancin bulo. Magnesiya sinadari ne mai jure zafi sosai, kuma ingancin bulon ya dogara ne da irin narkakkiyar magnesiyar da aka yi shi da ita.

Yawancin narkakkiyar magnesiyar da ke kasuwa daga lardin Liaoning na ƙasar Sin take fitowa, musamman Dashiqiao da Haicheng. Dutsen maganesayit, wanda daga gare shi ake samun magnesiya, ake zubawa a tanderun lantarki mai sandunan garafayit (baƙin sinadarin da ke cikin fensir) uku, a kai zafin sama da digiri 2800 kafin ya narke. Sai a bar abin da ya narke ya huce na kwanaki har ya daskare ya zama curi. Gaggawa a nan ɓarna ce, domin a sanyin hankali ƙwayoyin magnesiyar da ke cikin curin suke girma, wasu su wuce milimita 1. Idan aka fasa curin, ciki ne mai kyau. Ɓawon waje bai gama narkewa ba, kamata ya yi a mayar da shi tanderu. Masu son riba kuwa sai su cakuɗa shi a ciki.

Kashin ƙarfe, wato dattin da ke tasowa a saman narkakken ƙarfe, ta tsakanin ƙwayoyin bulo yake kutsawa, saboda haka ƙananan ƙwayoyi ƙofofi ne da yawa gare shi. Ka kuma duba kalsiyam da silika (sinadarin yashi) da ke gauraye a cikin magnesiyar: kalsiyam ya ninka silika sau 2 ko fiye. In bai kai ba, wani sinadari yakan taru a tsakanin ƙwayoyin wanda ke narkewa a wajen digiri 1500, ƙarfenku kuwa yana haura 1600. Bulon sai ya riƙa zubewa kamar rairayi.

Wajen buga bulon akan haɗa garafayit kashi 10 zuwa 20, da ƙaron roba kimanin kashi 3, da ɗan garin alminiyam don kada iska ta ƙone garafayit ɗin, a danne da injin, a gasa a wajen digiri 200 kawai.

Abu biyu suna hannunku. Ku riƙa zuba dolomayit, wani dutse mai ɗauke da magnesiya, a cikin tanderu don kashin ƙarfe ya ƙoshi da magnesiya, in ba haka ba daga bango zai ci. Sannan laima tana kumbura magnesiya har ta tsage, don haka da damina kada a kwance ledar bulo sai ranar gini.

Ka nemi mai sayar muku ya rubuto girman ƙwaya da adadin kalsiyam da silika, ka aiko mini in duba. A gaida mutanen gida.

Naka amini.