Kukan wata unguwa a ƙasar Sumaila

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka.

Unguwarmu gida goma sha ɗaya ce a ƙaramar hukumar Sumaila, ko a taswira ba za ka gan mu ba. Gida huɗu Musulmi, saura Kirista, kuma kaka ɗaya muka haɗa da yawancinsu, don asalinmu duka Maguzawa ne. Na faɗi haka ne saboda mutanen birni, waɗanda in sun ji an ce coci a ƙauyen Kano sai su ɗauka baƙi ne suka zo ci-rani. Je ka Tudun Wada ko Rogo ka gani. Da Hausa suke sujada, Littafi Mai Tsarki kuwa tun 1932 aka kammala shi da Hausa.

Mu ba mu da coci a unguwa. Na ECWA yana ƙauyen da ke hayin rafi, akwai na Katolika gaba da shi kaɗan. Ƙararrawar cocin da ya fi kusa da mu tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a bishiyar maina. Ni da nake Musulmi, da ita nake sanin Lahadi ta yi, kuma ran da gobara ta kama rumbun ƙanena ita aka buga mutane suka taru.

To, rafin nan shi ne kukanmu. Da marka ta zauna a watan Agusta, shi ke nan an yanke mu. 'Yan zumuntar mata sukan ɗora ankonsu a ka su ratsa ruwa har ƙugu, wasu su haƙura su yi addu'a a tsakar gida. Masallacin Juma'a ma can hayin yake, haka injin niƙa da makarantar firamare da ɗakin shan magani. Bara da matar maƙwabcina ta fara naƙuda cikin dare, a kan ƙyauren ɗaki muka ɗauke ta mu shida, faston yana riƙe mana tocila daga can tsallake. Allah Ya sa ta sauka lafiya.

Mun yi gayya sau biyu, mun jera buhunan yashi da duwatsu, ruwan farko ya kwashe. Mai unguwa ya kai maganar ga dagaci. Masu neman ƙuri'a kuma sun zo da igiyar awo, suka auna faɗin rafin, suka sha fura, ba mu ƙara ganin ƙeyarsu ba.

Kwalbati ɗaya muke roƙon gwamnatin jihar Kano ta yi mana tun da rani. Yashi da leburanci mun ɗauka.

Naka,
Wani manomi daga ƙasar Sumaila, jihar Kano