Centralia: iska ce ta tarar da kaba na rawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan labarin da kuka buga a shafin abubuwan al'ajabi, na Centralia, garin mahaƙa kwal da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, wanda wuta ke ci a ƙarƙashinsa tun 1962. Labarin ya yi armashi. A majalisarmu ta bayan la'asar a nan Fagge sai da aka karanta shi a bainar jama'a, wani ya ce aikin aljanu ne, wani ya ce alhakin wani bawan Allah ne ya kama su. Marubucinku bai faɗi ƙarya ba, amma ya ɗora wa wutar laifin mutuwar garin kacokan, a nan ne kuwa muka raba hanya da shi. Ni tsohon malamin lissafi ne, kuma mahaifina fayaman ne, wato mai ɗura wa jirgin ƙasa kwal a wuta, shi ya sa na kasa yin shiru.

Amurkawa suna ƙidayar jama'arsu duk bayan shekara goma tun 1790, ba su taɓa tsallake ko ɗaya ba. Saboda haka mutum na iya ɗaukar ƙaramin gari irin wannan ya bi numfashinsa kamar yadda nas ke bin katin majinyaci. A 1870, shekara huɗu bayan garin ya samu majalisarsa, mutum 1,342 ne a cikinsa. A 1890 ya kai ƙololuwarsa, mutum 2,761, da coci bakwai, otal biyar da mashaya 27 (wannan lissafi na ƙarshe kaɗai ya isa ya gaya maka irin wahalar da ake sha a rami). Ya yi ta hawa da sauka har 1940, lokacin yana da 2,449. A 1950 ya koma 1,986. A 1960 kuma 1,435.

Mu tsaya a nan, Malam Edita. Tsakanin 1940 da 1960 garin ya rasa mutum 1,014, alhali ko ashana ba a ƙyasta ba. Wuta ta kama a 1962. Daga 1960 zuwa 1980, shekara 18 daga ciki ana zaune ne a kan garwashi, jama'a sun ragu daga 1,435 zuwa 1,017, wato mutum 418 kawai. Waɗanda rashin aiki ya kora kafin gobara sun ninka waɗanda suka tashi daga 1960 zuwa 1980 fiye da sau biyu. Da na rubuta wa 'yan majalisarmu wannan a bayan kwalin shayi, mai maganar aljanu ya ce to ai aljanun ma sai kango suke shiga.

Abin da ya kashe kasuwar ba ɓoyayye ba ne. Kwal ɗin yankin irin mai taurin nan ne da ba ya hayaƙi sosai, wanda gidajen biranen gabashin Amurka ke ɗumama ɗaki da shi lokacin sanyi. Cinikinsa ya kai ƙarshen tashe a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan sai yajin aiki ya yawaita, tattalin arziki ya karye a 1929, kamfanoni suka rufe ramuka, magidanta kuma suka riƙa komawa ga mai da iskar gas, tunda ba sai an kwashe toka ba. Mahaƙan da aka sallama ba su da wata sana'a, sai suka koma tsofaffin ramukan a ɓoye suna sassaƙe ginshiƙan kwal da aka bari don su tallafe rufin rami, suna sayarwa a bayan fage. Rufi ya yi ta ruftawa, ƙarƙashin gari ya zama kamar gidan gara. Duk wanda ya san yadda matasanmu ke shiga ramukan ma'adinai da tocila a goshi ya san yunwar da ke sa mutum sare ginshiƙin da ke riƙe da ƙasar da ke kansa.

Ita wutar ma a juji ta fara. A watan Mayun 1962 hukumar garin ta sa a ƙone bolar da ke cikin wani tsohon ramin haƙa kusa da maƙabarta, don a tsabtace wurin kafin ranar tunawa da sojojinsu da suka mutu a fagen daga. 'Yan kwana-kwana suka zuba ruwa suka tafi, ashe wuta ta bi wata kafa ta shige cikin tsofaffin ramuka. An yi ta ƙoƙarin kashe ta, a tona, a ɗura ruwa da laka, kullum kuɗi na ƙarewa kafin aiki ya ƙare. A 1979 wani mai gidan mai ya zura sandar awo cikin tankinsa na ƙarƙashin ƙasa ya ji ta fito da zafi, da ya auna sai ya ga fetur ɗin ya kusa digiri 78 a ma'aunin Salshiyos. Zafin Kano na watan Afrilu da muke kuka da shi 40 ne da 'yan kai. A 1981 ƙasa ta tsage da wani yaro ɗan shekara 12 a bayan gida, rami mai zurfin wajen mita 45 yana fitar da iska mai guba, Allah ya sa ya riƙe saiwar bishiya har ɗan'uwansa ya jawo shi.

A nan kam na yarda wuta ce ta yi bugun ƙarshe. Majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 42 don a biya mutane su tashi, yawanci suka karɓa, aka rushe gidajensu. Ƙidayar 1990 ta samu mutum 63. A 1992 gwamnan jihar, Bob Casey, ya ƙwace sauran gidajen da ikon doka. A 2000 saura 21, a 2002 gidan waya ya soke lambar aika wasiƙa ta garin, a 2010 saura 10. A 2013 aka sasanta da mutum bakwai da suka ƙi tashi, cewa su zauna har ƙarshen rayuwarsu, bayan nan gwamnati ta karɓi gidajen. A 2020 mutum biyar aka ƙirga. Amma ka lura, gari mai ciniki ba ya karɓar diyya ya watse cikin shekara goma. Da a ce wannan wuta ta kama a 1890 ne, lokacin da kwal ke kawo kuɗi, ina da yaƙinin kamfanoni ba za su bari ta kwana tana cinye musu dukiya ba.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Aikinsa shi ne tsayuwa a kan jirgi da shebur yana ɗura kwal a bakin wuta, daga Kano zuwa Zariya da Kaduna. Idan ya dawo gida, fararen idanunsa kawai ake gani. Innarmu takan jiƙa kakinsa a daro tun dare, ta sauya ruwa sau uku, na ukun ma baƙi ƙirin. Ko ranar Juma'a, bayan ya yi wanka ya saka farar riga, akwai wani siririn baƙi a gefen idonsa kamar ya sa kwalli, har abokan wasansa na tsokanarsa da amarya. Mu kuma yara mukan bi gefen dogo wajen loko muna tsintar gutsattsarin da suka zube, mu kai wa wani maƙeri ya ba mu kwabo. Har yau idan na ji warin ashana da aka ƙyasta sai in tuna warin hayaƙin nan.

Kwal ɗin daga Inugu yake zuwa. An gano shi a ƙasar Udi a 1909, dogo ya haɗa wurin da teku a 1916. Muna yara mun ɗauka sunan Fatakwal daga kwal aka samo shi. Ba haka ba ne, sunan wani Bature ne, Lewis Harcourt, bakinmu ya lanƙwasa, amma kuskuren namu bai yi nisa da gaskiya ba, domin don fitar da kwal aka gina tashar. Gadar Makurɗi ta 1932 ta sa tarago ke ɗauko shi kai tsaye zuwa Arewa ta Kafanchan. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a mahaƙar Iva Valley da ke Inugu saboda taƙaddamar albashi, abin da ya ƙara wa masu neman 'yancin kai ƙaimi. A ƙarshen shekarun 1950 ana haƙo wajen tan 900,000 a shekara. Sai ga man fetur da aka gano a Oloibiri a 1956, sai ga kan jirgi mai amfani da dizal, sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ramuka suka cika da ruwa.

Ranar da mahaifina ya fara ganin kan jirgin dizal, ya dawo yana cewa abin ba shi da baki, ta ina ake ba shi abinci? Ya yi dariya, amma bai ci tuwo sosai ba a daren. Shi dai ya yi sa'a, a Kano yake. Da aikin shebur ya ƙare, wani ɗan'uwan innarmu ya ba shi gefen rumfa a kasuwar Sabon Gari yana sayar da buhuna. Kano ta ga tashin dalar gyaɗa da faɗuwarta, ta ga masaƙu da masana'antun Bompai da Sharaɗa sun yi shiru, amma tana da Kurmi da Kwari da Dawanau, idan ƙafa ɗaya ta karye sai ta dogara da wata. Inugu ma ta tsira ne don ta zama mazaunin gwamnatin Jihar Gabas, sakatariya ta karɓi mutanen da rami ya saki. Centralia ba ta da kasuwa, ba ta da sakatariya, rami kawai gare ta.

Ƙananan garuruwanmu na haƙa su ne damuwata. Akwai Okaba a ƙasar Ankpa ta jihar Kogi, inda aka buɗe haƙar kwal lokacin yaƙin basasa da Inugu ta yanke. Akwai Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, inda ake haƙo wa masana'antar siminti ta Ashaka kwal. Akwai sansanonin kuza na ƙasar Jos, waɗanda da yawa daga mutanen Kano da Katsina suka tafi lebura a cikinsu, aka bar su da tafkuna. Duk lokacin da jaridu suka taɓo waɗannan wurare, lissafin tan nawa ke kwance a ƙasa ake ba mu, da biliyan nawa za a samu. Ban taɓa ganin an ba mu lissafin mutanen da ke bisa ƙasar ba: nawa ne lokacin da aka buɗe rami, nawa ne yanzu, ina sauran suka tafi.

Na san za ka ce ina alƙaluman. Gaskiya ne, rabonmu da ƙidaya tun 2006, ta 2023 an ɗage ta, ta 1962 da ta 1973 soke su aka yi saboda rigima. Jerin da na kawo maka na Centralia, shekara 150 ba giɓi, ba za mu iya yin irinsa ga ko gari ɗaya a ƙasar nan ba. Amma ɗan jarida ba sai ya jira hukuma ba. Rajistar makarantar firamare tana nan a ofishin hedimasta, a duba yara nawa aka ɗauka aji ɗaya a 1975, nawa aka ɗauka bana. Dagaci ya san gidajen da aka kulle. Limami ya san sahu nawa ake yi da, nawa ake yi yanzu. Shugaban 'yan tasha ya san mota nawa ke lodi ran kasuwa. Mako guda a Okaba da littafi da biro zai ba masu karatunku abin da ya fi hoton titin Centralia mai hayaƙi amfani, titin da ma tun 2020 aka binne shi da ƙasa don masu zuwa kallo sun yi yawa.

Idan wakilin naku zai tafi, ya biyo ta Fagge tukuna. Akwai sauran tsofaffin reluwe da suka riƙe shebur tare da mahaifina. Bara su huɗu nake gaisarwa bayan sallar Juma'a, bana saura biyu, ɗayan ma sai an ɗaga murya yake ji.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Fagge, Kano.