Kafin a fita zanga-zanga kan wasan kwaikwayo, wa aka taɓa tukuna?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, don Allah a ɗan sammini fili a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina a rai, wato wannan rigimar da ba ta ƙarewa tsakanin masu wasan kwaikwayo na zambo da habaici da kuma masu addini da ke fitowa titi suna cewa an taɓa musu abin girmamawa. Kwanaki musu ya kaure tsakanina da wani abokina a kan wannan maganar har muka kusa ɓatawa, shi yana cewa duk wasan da ya ambaci addini da ba'a to a rufe gidan wasan kawai a huta, ni kuma nace masa tsaya tukuna, wa aka yi wa ba'ar? Addinin ne ko kuwa wani ne da ya yafa rigar addinin yana cin kasuwarsa a ciki? Ni musulmi ne kuma ba na wasa da abin da ya shafi imanina, na faɗa tun yanzu kar wani ya karanta rabi ya fara jifa. Amma wallahi abun da na lura dashi shine sau da yawa wanda ya fi kowa ɗaga murya shine wanda habaicin ya sama, mai kaza a aljihu ai baya jimirin as.

Bari in fara da Faransa, don nan ne labarin ya fi fitowa fili. A shekarar 1664 wani marubuci mai suna Moliere ya nuna wasansa Tartuffe a fadar Sarki Louis na 14 a Versailles. Labarin wani mutum ne Musa a baki Fir'auna a zuci, kullum kai a sunkuye, kullum addu'a a bainar jama'a, har wani attajiri ya ruɗu dashi ya ɗauko shi ya ajiye a gidansa, ya yi alkawarin bashi 'yarsa, ya rubuta masa dukiyarsa, ashe shi gogan matar gidan yake nema. Kowa a gidan ya gane shi sai maigidan, sai da matar ta sa mijin ya ɓuya a ƙarƙashin tebur ya ji da kunnensa sannan ya yarda. Toh ina zagin Allah a nan? Ina zagin Annabi Isa alaihissalam? Babu. Amma manyan coci da wata ƙungiyar masu tsananin ra'ayi da ke da ƙarfi a fada suka tashi haiƙan sai da sarki ya hana nuna wasan ga jama'a, shi sarkin ma fa ya kalla kuma ya ji daɗinsa. Wani limamin coci har rubutu ya yi yana cewa Moliere shaiɗan ne a siffar mutum kuma ƙonawa ya cancanta. A 1667 mutumin ya gyara wasan ya canza masa suna ko za'a barshi, sau ɗaya aka nuna aka sake hanawa, Akbishop na Paris, wato babban limamin cocin Katolika na birnin, kuma ya ce duk wanda ya kalla ko ya karanta ko ya saurara za'a kore shi daga coci. Sai a 1669 aka sake shi, mutane suka yi ta tururuwa, kuma yau sama da shekara 350 ana nuna shi a duniya, sunan Tartuffe ma ya zama kalmar da Faransawa ke kiran munafuki da ita. Su kuma waɗanda suka hana, in ba masu binciken tarihi ba wa ya san sunansu?

Abun da yasa na daɗe a kan wannan shine, tona asirin mai ci da addini ba sabon abu bane a wajen masu addini su kansu. Alƙur'ani yana da sura guda sukutum a kan munafukai, kuma a Suratu Tauba aya ta 34 an faɗa ƙarara cewa da yawa daga malamai da masu ibada na mutanen da suka gabata suna cin dukiyar mutane da ƙarya. Kenan in ɗan wasa ya hau dandamali ya kwaikwayi irin wannan mutumin har jama'a suka yi dariya suka gane shi, ni a wajena hidima ya yi wa addini. Matsalar ita ce shi mai cin da addinin ba zai taɓa fitowa yace ni aka zaga ba, cewa zai yi an zagi addininku, sai matasa su fito da zafin zuciya su kare shi suna zaton Allah suke karewa.

Amma fa kar Edita ya ɗauka ina wanke 'yan wasa ne gaba ɗaya, a'a. Akwai waɗanda ba habaici suke ba, neman suna ne kawai da tsokana, sun san in suka taɓa abin da mutane ke girmamawa za'a yi hayaniya, hayaniya kuma ita ce tallar da ba'a biya. Irin wannan in mutum ya ji zafi yana da gaskiya, kuma in ya fito ya ɗaga kwali ya tsaya a ƙofar gidan wasa ya ce bai yarda ba to shima 'yancinsa na faɗin albarkacin baki yake amfani dashi, daidai da na wanda ke kan dandamalin. Wannan ne abun da wasu 'yan boko ke mantawa, da zarar mai addini ya buɗe baki sai a ce ɗan baya ne, mai tsattsauran ra'ayi, kamar shi ba'a bashi baki ba.

Inda muke rabuwa da abokina shine yanda ake yin abun. A watan Disamba 2004 a Birmingham ta Ingila an nuna wani wasa mai suna Behzti, wadda ta rubuta shi Gurpreet Kaur Bhatti ita kanta mabiyar addinin Sikh ce, kuma a cikin wasan akwai fyaɗe da kisa da aka nuna sun faru a cikin wurin ibadarsu. Dattawan Sikh ɗin da farko hanya mai kyau suka bi, suka zauna da masu gidan wasan suka ce a mayar da wurin da abun ya faru wani ɗakin taro ba wurin ibada ba, aka ƙi. Gaskiya ni ina ganin buƙatarsu ba ta wuce hankali ba. Amma ranar 18 ga watan ɗaruruwan mutane suka taru, wasu suka afka wa ginin, aka farfasa gilasai, 'yan sanda suka ji rauni, aka kwashe 'yan kallo, bayan kwana biyu aka soke wasan, ita kuma marubuciyar ta ɓuya saboda barazanar kisa. Toh an ci nasara kenan? Wasan da a ƙaramin ɗaki ake nuna shi, wanda da an ƙyale shi mutum nawa ne ma za su san da shi, sai ga shi jaridun duniya suna ta buga labari, kuma ba'a maganar ko an ci zarafin wurin ibada ko ba'a ci ba, maganar da ta rage ita ce masu addini sun fasa gilashi sun kori mace daga gidanta. Dattawan da suka bi ta lalama ma sai aka haɗa su a laifin.

Wata ɗaya kacal bayan nan, Janairu 2005, BBC ta nuna wani wasa mai suna Jerry Springer: The Opera a talabijin, kiristoci da ke ganin saɓo ne suka aika ƙorafi sama da dubu 50, kuma mafi yawansu kafin ma a nuna wasan aka aika. Wannan ɗin yana ɗaure min kai har yau, mutum ya yi fushi da abun da bai gani ba, an ce masa ne kawai. Na san za'a ce ai ba sai ka sha guba kafin ka san tana kisa ba, na yarda, amma aƙalla wanda ya gaya maka guba ce shi ya gani? Ko shima an ce masa ne? Yanzu da waya ta zo abun ya ƙara lalacewa, a yanko sakan talatin daga wasan awa biyu a watsa a WhatsApp da Facebook da rubutu a sama wai ku yaɗa don Allah, kafin la'asar gari ya ɗauka. Wata ƙungiya mai suna Christian Voice ta kai maganar wancan wasan kotu tana neman a hukunta su da dokar saɓo, babbar kotu ta ƙi a 2007, a 2008 kuma majalisa ta soke dokar saɓon ma gaba ɗaya a Ingila da Wales. An je neman ƙiba an samo rama. Duk da haka ni na fi ganin mutuncin wanda ya je kotu ya faɗi a kan wanda ya ɗauki dutse.

A Paris a 2011 an ga hanyoyin biyu a cikin wata uku. A Oktoba wasu matasan Katolika suka riƙa taruwa a ƙofar gidan wasan Théâtre de la Ville saboda wani wasan da wani mai suna Romeo Castellucci ya shirya, suna jifan masu shiga kallo da ƙwai da baƙin mai, wasu suka haye dandamalin sai da 'yan sanda suka fitar dasu, aka cigaba da wasan cikin tsaro. A Disamba da wani wasan ya zo, Golgota Picnic, wanda da yawa suka ce ya ma fi wancan cin fuska, Akbishop ɗin Paris André Vingt-Trois sai ya kira mutanensa su taru a cocin Notre-Dame su yi addu'a a daren da za'a fara. Ya nuna bai ji daɗi ba, duniya ta ji, ba'a fasa kan kowa ba. Shi wannan wasan da aka soke shi a Poznan ta ƙasar Polan a 2014 saboda tsoron tarzoma, sai masu goyon bayansa suka riƙa karanta shi suna nuna bidiyonsa a garuruwa daban daban, wanda aka hana a wuri ɗaya ya bazu wurare da yawa. Mu musulmi ma ai an bamu hanya, Suratun Nisa'i aya ta 140 cewa ta yi in kun ji ana izgili da ayoyin Allah kar ku zauna tare dasu har sai sun shiga wani zancen. Tashi aka ce, ba'a ce a cinna wuta ba. Ɗan wasa kuwa ba abun da yake tsoro kamar kujerun da ba kowa a kai.

Su kuma masu wa'azin 'yancin magana daga Turai su ma su daina mana kamar nasu ba shi da iyaka, yana da ita, kawai dai kowa ya san inda ya kafa tasa. A Janairu 2014 gwamnatin Faransa ta hana ɗan barkwanci Dieudonné yin wasansa saboda kalaman ƙin Yahudawa, babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati kuma ta goyi bayan hanin. Jamus tana ɗaure wanda ya musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Kotun kare haƙƙin ɗan adam ta Turai a 1994 ta ce Ostiriya ba ta yi laifi ba da ta ƙwace wani fim da aka gina kan wasan wani marubuci mai suna Oskar Panizza saboda ya ci zarafin abin da Katolika ke girmamawa, shi Panizza ɗin ma sai da ya yi shekara guda a kurkuku a kan wasan tun 1895. Ita Ingila tun 1737 sai wani jami'in fada ya duba wasa ya sa hannu kafin a nuna, ba'a daina ba sai 1968. Ban ce duk waɗannan kuskure bane, wasu ma ina ganin daidai ne, abun da nake cewa shine in an yarda akwai maganar da ciwonta ya kai a hana, to kar a yi wa mai addini dariya don ya ce shima tasa ta yi masa ciwo.

Sai dai kuma in ja kunnen 'yan uwana masu cewa gwamnati ta sa doka mai tsanani a rufe bakin kowa. Wa zai riƙe dokar? Ba malaminka bane zai riƙe, ɗan siyasa ne, kuma ranar da ya ga dama zai ce huɗubar limaminku ma ta tunzura jama'a, ko wasan da ya yi masa shaguɓe a kan satar kuɗin asibiti ya taɓa addini. Wuƙar da ka wasa don wani ba ta san mai ita ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin jama'a da siyasa ta ba da 'yancin magana a sashe na 19, a sashe na 20 kuma ta ce a hana kiran ƙiyayya ta addini da ke tunzura mutane su cutar da wasu, ni a nan nake ganin ya kamata hukuma ta tsaya, sauran kuma a bar mana mu da bakinmu da alƙalaminmu da kuɗin tikitinmu.

Roƙona ga jaridarku Edita, duk ranar da irin wannan rigima ta taso a ko'ina, don Allah kafin ku buga kanun labari da jan rubutu ku nemo wanda ya kalli wasan daga farko har ƙarshe ya faɗa mana me aka ce, wa ya faɗa a cikin wasan, mutumin kirki ne aka sa ya faɗa ko mugun labarin, sannan ku tambayi wanda ya kira zanga-zangar ko shi ya kalla. Abokin nawa dai har yanzu bai yarda dani ba, yace in kun buga wannan shima zai rubuto nasa raddin, don Allah in ya aiko ku buga masa.

Wassalam,
Naku, mai karanta jaridarku kullum.